Darasi na Tara: Baƙo a Birnin Basalona

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. lissafa takardun da ake nema kafin a shiga ƙasar Sifaniya;
2. zaɓar abin hawa daga filin jirgi zuwa masauki, da kuma cikin gari;
3. tsara yininsa bisa lokutan da mutanen garin suke bi;
4. gane dabarun 'yan sane, da abin da zai yi idan tsautsayi ya afka masa.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya san sunan Basalona. To, sunan gari ne tun kafin ya zama na ƙungiya. Basalona tana bakin Tekun Bahar Rum, a arewa maso gabashin Sifaniya, kuma ita ce ta biyu a girma bayan Madrid. Mazaunanta sun haura miliyan 1.6. Ita ce hedikwatar yankin Kataloniya, inda ake magana da harsuna biyu, Katalanci da Sifaniyanci.

Tun bayan gasar Olamfik ta 1992 baƙi suke ta kwararowa birnin, miliyoyi a kowace shekara. Wannan cunkoso ya sa kusan komai ya koma na kama wuri tun da wuri: ɗakin kwana, tikitin shiga wurin kallo, har kujerar jirgin ƙasa. Saboda haka rabin tafiyar a gida ake yin ta. Sauran rabin kuwa shi ne mutum ya bi agogon garin, ya kuma kula da aljihunsa.

1. Takardu

Sifaniya tana cikin ƙasashen Turai masu iyaka ɗaya da ake kira yankin Shengen. Mai fasfon Nijeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi ko Sudan yana buƙatar biza kafin ya tashi. Bizar ziyara ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ba ta ba da izinin yin aiki. Wanda ya zarce ranakun da aka rubuta masa yana iya fuskantar tara ko kora, kuma da wuya ya sake samun biza cikin sauƙi.

Ga abubuwan da ake nema:

- fasfo da aka yi cikin shekara 10 da suka wuce, mai aƙalla shafi biyu da ba a taɓa ba, wanda zai ƙara wata uku yana aiki bayan ranar dawowarka;
- inshorar lafiya ta tafiya wadda za ta iya biyan har Yuro 30,000;
- shaidar tikitin zuwa da dawowa, da ta masauki;
- bayanin asusun banki, da shaidar aiki ko kasuwancin da zai dawo da kai gida;
- kuɗin biza, wanda ya koma Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024.

Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, kuma bai kamata a bari ya rage ƙasa da kwana 15 ba. Idan a gidan ɗan'uwa ko aboki za ka sauka, wasiƙar hannu ba ta wadatarwa. Shi mai masaukin ne zai je ofishin 'yan sandan ƙasa ya nemo takardar gayyata ta hukuma, ya aiko maka da ita.

Biza a fasfo ba ta hana tambayoyi a bakin iyaka. Jami'in shige da fice yana da ikon ya nemi ganin tikitin komawa, da adireshin masauki, da shaidar guzuri, wanda Sifaniya ta ƙayyade a kan fiye da Yuro 100 a kowace rana. Ka riƙe waɗannan takardu a jakar hannu, bugaggu a takarda, don waya tana iya mutuwa a daidai lokacin da ake buƙatarta. Idan jirginka ya fara sauka a Faris ko wani birni na Shengen, a can za a yi maka waɗannan tambayoyi.

2. Abin da ke shiga jaka da wanda ba ya shiga

Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Wannan ya haɗa da kilishi, da dambun nama, da man shanu, da cuku, ko da tsaraba ce. Jami'an kwastan suna ƙwacewa, wani lokaci har da tara. Wanda ya riƙo tsabar kuɗi da suka kai Yuro 10,000 ko kwatankwacinsu, wajibi ne ya bayyana. Maganin da kake sha kullum ka bar shi a kwalinsa, ka haɗa da takardar likita.

Soket ɗin wutar Sifaniya mai ramuka biyu ne zagayayyu. Cajar ɗan Nijar galibi za ta shiga, amma ta ɗan Nijeriya ko Gana mai ƙafa uku sai da mahaɗi, don haka ka saya tun a gida. Ka sa takalmin da ka saba da shi, domin tafiyar ƙasa tana da yawa. Banɗakunan otal da na gidajen abinci ba su da buta. Ƙaramar gorar roba tana maganin wannan.

Watannin Yuli da Agusta zafi ne mai gumi, ga cunkoso, ga tsadar masauki. A Janairu kuma sanyin dare yakan sauko ƙasa da digiri 10, sai da rigar sanyi mai kauri. Afrilu zuwa Yuni, da Satumba zuwa Oktoba, sun fi daɗin yawo, sai dai a riƙe lema. Ɗan kasuwa ya lura cewa otal-otal suna cika maƙil a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, lokacin babban baje kolin wayoyin hannu da ake yi a birnin duk shekara.

3. Daga filin jirgi zuwa cikin gari

Sunan filin jirgin El Prat, kuma yana da sassa biyu, T1 da T2, da motar kyauta mai kai-komo tsakaninsu. Manyan hanyoyin shiga gari huɗu ne.

Ta farko ita ce Aerobús, bas mai kai mutum dandalin Plaça de Catalunya a tsakiyar birni cikin kamar minti 35. Ita ta fi sauƙi ga sabon zuwa mai kaya. Ta biyu jirgin ƙasa ne, layin R2 Nord, wanda ke tashi daga T2 ya tsaya a babbar tashar Sants da Passeig de Gràcia. Ta uku jirgin ƙarƙashin ƙasa ne da ake kira metro, layin L9 Sud, amma yana da tikitinsa na musamman, kuma sai an sauya layi kafin a kai tsakiyar gari. Ta huɗu tasi ce. Tasin Basalona baƙa ce da rawaya, tana aiki da mita, kuma a layinta na hukuma ake shiga. Duk wanda ya tare ka a cikin zauren filin jirgi ya ce yana da mota, ka ba shi haƙuri ka wuce.

A cikin gari metro ya fi komai sauri. Kowane layi yana da lamba da launi: L1 ja, L3 kore, L4 rawaya, L5 shuɗi. Ba a tambayar gabas ko yamma. Sunan tashar ƙarshe ta ɓangaren da ka nufa za ka duba, shi ne a rubuce a allon. Jirgin yana farawa da ƙarfe 5 na asuba ya tsaya 12 na dare. Ranar Juma'a yana kaiwa ƙarfe 2, daren Asabar kuwa ba ya tsayawa.

Sayen tikiti ɗaya-ɗaya asara ce. Akwai T-casual, mai hawa 10, na mutum ɗaya, wanda ke aiki a metro da bas da jirgin R2 Nord. Da hawa ɗaya kana iya sauka daga metro ka shiga bas, matuƙar ba a wuce minti 75 ba. Sai dai ba ya aiki a tashoshin metro na filin jirgi. Akwai kuma Hola Barcelona, na kwana biyu zuwa biyar, wanda ba shi da iyakar hawa, kuma ya haɗa da metron filin jirgi. Kowanne ka saya, sai ka nuna wa na'ura duk lokacin da ka shiga, har a cikin bas. Masu bincike suna shigowa ba sanarwa, kuma baƙunta ba ta kare mutum daga tara.

4. Agogon garin da abincinsa

Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, agogon Sifaniya ɗaya ne da na Nijeriya da Nijar. Sauran watannin yana gaba da awa ɗaya. Amma bambancin da ya fi rikita baƙo shi ne na tsarin yini. Abincin rana sai wajen ƙarfe 2, na dare kuma daga 9. Gidajen abinci da yawa suna rufe kicin daga ƙarfe 4 na yamma har kusan 8 na dare. Wanda yunwa ta kama da ƙarfe 6 zai tarar da ƙofa a buɗe amma tukunya a sauke, sai ya ƙare a wuraren da aka buɗe don baƙi kawai, inda kuɗi ya fi yawa, daɗi kuwa kaɗan. Hausawa suna cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka.

Dabarar ita ce ka mai da abincin rana babban cinka. A ranakun aiki gidajen abinci suna da abin da suke kira menú del día: kwano na farko, da na biyu, da kayan zaƙi, da abin sha, duk a kan farashi ɗaya mai rangwame. Ka nisanci manyan titunan baƙi da layi biyu ko uku, ka duba inda ma'aikata suke shiga. Zama a teburin waje yakan fi na ciki tsada. Tukuici ba dole ba ne, amma ana barin ɗan canji idan an ji daɗin hidima.

Ga wanda ba ya cin naman alade, sai an buɗe ido sosai, domin yana shiga inda ba a zata. Cewa "ba na cin nama" ba ta isa ba, don wasu masu hidima ba sa lissafa yankakken naman alade mai gishiri, wato jamón, a cikin nama. Ana sa shi a cikin croquetas, ana zuba chorizo, shi ma naman alade, a miyar wake, ana kwaɓa wasu kayan fulawa da kitsen alade. Burodin da ake kira bikini a Basalona, cuku ne da naman alade a ciki. Ka ambaci abin da sunansa, ka kuma tambaya ko an dafa da giya. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne kifi, da wainar ƙwai da dankali, da gasassun kayan lambu da ake kira escalivada, da burodin da aka goga wa tumatir da man zaitun. Ruwan famfo yana shayuwa, ko da yake wasu ba sa son ɗanɗanonsa.

A unguwar Raval, yamma da titin La Rambla, akwai 'yan Pakistan da 'yan Maroko da yawa, da mahautan halal da gidajen abincinsu. Nan ne kuma aka fi samun wuraren salla. Kada ka nemi hasumiya, domin galibinsu ɗakuna ne a ƙasan gidajen bene, sai ka tambayi mai kanti ya nuna maka. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, saboda haka ka duba jadawalin sallar garin, kada ka yi aiki da wanda ka saba.

Ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke, har da sananniyar kasuwar Boqueria. Gidajen tarihi da dama kuma Litinin suke hutu. A Agusta ƙananan 'yan kasuwa da yawa sukan kulle shago su tafi hutun makonni.

5. Wuraren kallo

Ginin da ya fi jan baƙi shi ne cocin Sagrada Família. An aza tubalinsa a 1882, sai mai zanen gine-gine Antoni Gaudí ya karɓi aikin a 1883, ya yi ta yi har ya mutu a 1926 bayan jirgin titi ya buge shi. An shafe fiye da shekara 140 ana ginin. Ta intanet ake sayen tikiti, kuma kowane tikiti yana ɗauke da awa da mintin shiga. A lokacin cunkoso yakan ƙare kwanaki kafin ranar. Wurin ibada ne, ana so a shiga da suturar mutunci. Haka ma lambun Park Güell, shi ma aikin Gaudí, da tikiti mai lokaci ake shiga, kuma a kan tudu yake. Wasu gidaje biyu da ya zana, Casa Batlló da Casa Milà, suna kan titin Passeig de Gràcia, kuma kallonsu daga waje kyauta ne.

Mai son ƙwallo ya sani cewa an fara sabunta filin Camp Nou a 2023, har ƙungiyar ta koma wasa na ɗan lokaci a filin Olamfik da ke kan dutsen Montjuïc. Ka duba shafin ƙungiyar don sanin abin da ke buɗe, kuma a nan kaɗai za ka sayi tikiti. Ka sani kuma ba a tabbatar da rana da awar wasan lig sai saura 'yan makonni, don haka kada ka ɗaure ranar komawarka da wasa.

Kada ka cusa wa yini fiye da manyan wurare biyu. Ka haɗa waɗanda ke kusa da juna: tsohon gari, wato Barri Gòtic, da La Rambla da bakin teku a rana ɗaya, gine-ginen Gaudí a wata ranar. Mai neman kufan Andalus kuwa, kamar fadar Alhambra da babban masallacin Kurɗuba, sai ya nausa kudu. Jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Madrid daga tashar Sants cikin awa biyu da rabi zuwa uku, daga can a wuce.

6. 'Yan sane

Abin da ya fi samun baƙi a Basalona shi ne sane, musamman a metro, da La Rambla, da bakin teku, da zauren otal lokacin da hankali ke kan biyan kuɗi. 'Yan sanen ba su kaɗai suke aiki ba: ɗaya ya ɗauke maka hankali, na biyu ya zare, na uku ya wuce da kayan.

Dubi yadda abin ke faruwa a ƙofar metro. Ƙararrawar rufe ƙofa ta kaɗa, sai wanda ke gabanka ya tsaya cak kamar ya yar da wani abu. Na bayanka suka matso, aka ɗan yi turereniya ta daƙiƙa biyu ko uku. Kafin ƙofa ta haɗe, su sun koma waje, kai kana ciki, jirgi ya ja. Sai a tasha ta gaba za ka shafa aljihu ka ji wayam.

Akwai wasu dabarun. Wani zai nuna maka cewa an ɓata maka riga, ya fito da tsumma zai goge maka. Wata za ta miƙo takarda ka sa hannu don taimakon mabuƙata. Wani zai shimfiɗa taswira a kan teburin da ka ajiye waya, ya ɗauke su tare. Wani saurayi zai tambaye ka ƙungiyar da kake goya wa baya, ya saƙa ƙafarsa cikin taka da sunan yana nuna maka yanka, hannunsa kuwa yana aljihunka. Akwai kuma masu cewa su 'yan sandan ciki ne, su nemi ganin kuɗinka. Irin waɗannan ka ce ku tafi caji ofis tare.

Rigakafin ba shi da wuya. Aljihun gefe na kaftani a buɗe yake, kada ka sa waya ko kuɗi a ciki. Jaka ta dawo gaba, zif a rufe, hannu a kai. Ka raba kuɗi da katin banki wuri biyu. Doka ta ce baƙo ya riƙe shaidarsa, don haka fasfo ya zauna a aljihun ciki, hotonsa da na biza kuma a masauki da cikin imel.

Idan duk da haka an yi maka sata, ka fara da toshe katin banki da layin waya. Sannan ka je ofishin Mossos d'Esquadra, 'yan sandan Kataloniya, ka shigar da rahoto, ka karɓi takardarsa. Da ita kamfanin inshora zai saurare ka, da ita kuma ofishin jakadanci zai ba ka takardar komawa gida idan fasfo ya salwanta. Na Nijeriya a Madrid yake. Lambar gaggawa 112 ce, kyauta, ga 'yan sanda da motar asibiti da 'yan kwana-kwana. Kantin magani kuwa ana gane shi da alamar gicciye kore.

7. Zama da masu gari

Mazauna da yawa sun gaji da yawan baƙi, saboda tsadar haya da hayaniya. A Yulin 2024 sun yi zanga-zanga, har wasu suka fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara. A shekarar ne magajin gari Jaume Collboni ya sanar cewa za a daina ba da lasisin gidajen haya na baƙi zuwa ƙarshen 2028. Saboda haka ka tabbatar masaukinka yana da rajista, kuma kada ka yi mamaki idan aka ƙara maka harajin baƙi na kowane dare. Ka rage murya a matakalar bene da dare. Kada ka tsaya a hanyar keke. Sayen kaya a hannun masu shimfiɗa su a gefen titi ba lasisi yana iya jawo wa mai saye tara. Kuma gaisuwa da Katalanci, ko kalma ɗaya ce, tana sakin fuskar mai kanti.

Kalmomin Sifaniyanci da Katalanci da za a haddace

- bon dia: barka da safiya, da Katalanci
- por favor: don Allah
- gracias: na gode
- ¿cuánto cuesta?: nawa ne?
- sin cerdo, sin jamón: ban da naman alade
- sin alcohol: ban da giya
- salida, ko sortida da Katalanci: mafita
- denuncia: rahoton da ake shigarwa wurin 'yan sanda

Tambayoyi

1. Kawo takardu huɗu da ake nema wajen neman bizar Shengen.
2. Me ya sa ba a tafiya da kilishi Sifaniya?
3. Mene ne bambancin T-casual da Hola Barcelona?
4. Me ya sa cewa "ba na cin nama" ba ta wadatarwa a gidan abinci?
5. Jera matakan da za ka ɗauka, bi da bi, idan aka sace maka fasfo da katin banki.

Aiki

1. Wata 'yar kasuwa mai bizar shiga sau da yawa ta yi kwana 35 a Faransa a Maris da Afrilu, ta sake yin kwana 20 a Italiya a Mayu. Kwana nawa suka rage mata idan za ta shiga Sifaniya a farkon Yuni?
2. Ƙarfe 4 na yamma ne a Kano ranar 10 ga Yuli. Ƙarfe nawa ne a Basalona? Idan 10 ga Janairu ne fa?
3. Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya tsara ziyarar kwana uku da za ta fara ranar Asabar, ya nuna wuraren da za a je, da lokutan abinci da salla, da tikitin da ya kamata a saya tun daga gida. Ku tuna da abin da ke rufe Lahadi da Litinin.
4. Mutum biyu su fito gaban aji, ɗaya jami'in shige da fice, ɗaya matafiyi. Jami'in ya yi tambaya biyar, sauran ɗalibai su faɗi ko amsoshin sun gamsar.